Canza fuskar agogunan dashbod a Mazda MX-5 ta farko: yadda ake mayar da allura ba tare da ta koma yin ƙarya ba

Roadster93:
Assalamu alaikum manyan gida. Motar MX-5 ce ta 1993, mai injin 1.6, shigowar Amurka. Fuskokin agogunan sun koɗe, kuma agogon gudu da mil yake nunawa. An samu sababbin fuskoki guda biyar: na gudu mai kilomita, na juyin inji, na fetur, na zafi da na baƙin mai. Abin da nake so a warware mini shi ne tsarin kwancewa daga farko har ƙarshe, musamman maganar allurai, domin kowa na cewa nan ne ake yin ɓarna.

Baban Ummi Rewaya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya suka faɗa maka. Kwance dashbod ɗin ba wani abu ba ne, allura ce aikin. Kuma aikin yana farawa ne tun kafin ka ɗauki sukundireba. Ka je gidan mai ka cika tanki taf, motarka lita 45 take ci. Ka tuƙa ta har inji ya yi zafin da ya saba, ka tsaya a wuri mai daidai, ka bar ta tana silo. Sai ka ɗauki hoton agogunan kana fuskantarsu kai tsaye, ba ta gefe ba, domin akwai tazara tsakanin allura da fuska, hoton gefe zai nuna maka wurin da ba nan take ba. Ka ƙara wani hoton kana riƙe da inji a juyi 3000 a minti. Ka kashe, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gargaɗi suke kamawa amma inji bai tashi ba, ka sake ɗauka. Hotunan nan uku su ne shaidarka.

Daga nan ka cire kan batir na nagetif. A wannan motar batir a but yake, ba a gaba ba, sifana mai lamba 10 ce. Ka kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari, sukurorinta a ƙasa suke. Rumfar da ke kan agogunan sukurori biyu ne suka riƙe ta daga ƙasa, sauran maƙalan ƙarfe ne a ciki. Ka sa hannu biyu ka ja ta zuwa ƙirjinka a miƙe. Kada ka ɗaga ta sama, kada ka murɗa. Bayan ta fita za ka ga sukurori huɗu da suka riƙe akwatin agogunan. Ka kwance su, ka jawo akwatin kaɗan, ka zura hannu baya ka matse makamar kebul ɗin gudu ka zare shi, sannan ka cire soket-soket ɗin waya.

Injiniya_KD:
Ina ƙara jan kunne a kan rumfar nan, Baban Ummi. Roba ce da ta haura shekara 30, kuma ranarmu ta gasa ta. Ita ce abin da ya fi karyewa a duk aikin, yawanci a inda maƙalan suke zaune. Kada a ja ta da sanyin safiya lokacin hunturu, roba tana ƙara taurin kai. A bar motar ta ɗan sha ɗumi, robar ta saki jiki. In maƙalin ƙarfe ya zame ya maƙale a cikin dashbod, a zaro shi da filaya a mayar da shi jikin rumfar kafin a haɗa, in ba haka ba za ta riƙa kaɗawa tana ƙara a kan hanya.

Sannan sukurorin motocin Japan na wancan zamani kansu ba irin na Phillips ba ne sak, ma'aunin Japan ne da ake kira JIS. Sukundireba ta gama-gari tana zamewa ta cinye kan. Ga manyan sukurori ba a cika damuwa ba, amma ƙananan da ke kan fuskar agogo, in ta zame sau ɗaya ta karce maka sabuwar fuska.

Roadster93:
Na gode Injiniya. To in an kai akwatin kan tebur fa?

Mai Agogo:
Tebur mai tsabta, a ɗaki rufe, fanka a kashe. A lokacin ƙura wannan ba ƙaramar magana ba ce, duk ƙwayar da ta shiga za ka riƙa ganinta kullum da dare idan fitila ta haska. Ka sa safar hannu ta roba irin ta asibiti, domin fuska mara sheƙi tana kama maiƙon yatsa, kuma gogewa tana ƙara faɗaɗa tabon ne.

Gilashin gaba da baƙin zobensa harsunan roba ne suka riƙe su a jikin farin akwatin. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana danna kowanne kana sa ɗan kati a tsagar don kada ya koma. Ka lura da sandar mayar da lissafin tafiya sifili, ta cikin gilashin ta ratsa, ka zare a miƙe.

Yanzu allurar gudu. A wannan mota ba lantarki ke juya ta ba. Kebul daga giyabos yana juya maganaɗisu, maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyam, wani siririn sifirin kamar gashi yana mayar da shi baya. Allurar tana jingine da ɗan turke a ƙasan lambobi, kuma sifirin yana danna ta a jikin turken da ɗan ƙarfi. Wannan ɗan ƙarfin yana cikin lissafin masana'anta. Don haka kafin ka cire, ka ɗaga bakin allurar a hankali ka tsallakar da ita turken, ka sake ta ta sauka inda take so ta tsaya da kanta. Ka ɗan ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ka bari ta natsu. Ka liƙa tef na takarda a bakin akwatin, ba a kan fuskar da za ka cire ba, ka ja layi da biro daidai bakin allurar. Wurin mayarwa, a kan layin nan za ka ɗora ta, sannan ka tsallakar da ita ta dawo saman turke. Wanda ya ɗora ta a kan sifili kai tsaye ya cire wancan ɗan ƙarfin, kuma agogonsa zai riƙa nuna gudu fiye da gaskiya a ko'ina.

Zee_Auto:
Malam Mai Agogo, wajen cirewar kanta mutane sun kasu. Wasu cokali mai yatsu, wasu ƙananan cokula biyu. Ni ina ganin cokula biyu sun fi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu a ƙarƙashin cibiyar allurar, da kati a ƙarƙashin kowanne, a danna su lokaci guda. Ƙarfin yana tafiya sama a miƙe. Cokali mai yatsu gefe ɗaya yake turawa, kuma sandar da allurar ke kai ba ta kai kaurin allurar ɗinki ba, lanƙwasa ta ba wuya.

Mai Agogo:
Haka ne Hajiya, cokula biyu. Kuma a jingina su kusa da kan sukurorin fuskar, nan ne akwai ƙarfe a ƙasa. Abin da ba a so shi ne a kama allura da yatsu a fizge. Wani lokaci allurar ta fi riƙe sandar fiye da yadda injin agogon ya riƙe ta, sai sandar ta biyo allurar ta fito gaba ɗaya. In ta fito a agogon gudu, sifirin ya miƙe, ba ya komawa yadda yake. Sai dai a nemi wani agogon.

Ɗan Gareji:
Ni fa ban ga dalilin duk wannan wahalar hoto da cika tanki ba. Yadda aka yi wa agogon gudu alama da tef, a yi wa sauran huɗun. A cire, a canza, a mayar a kan alama. Awa ɗaya an gama.

Baban Ummi Rewaya:
A'a ɗan'uwa, nan ne ake faɗawa rami. Agogon gudu yana da sifirin da ke ba shi wurin hutawa guda ɗaya, shi ya sa alama take aiki. Sauran na lantarki ne, naɗin waya ne da ɗan maganaɗisu a tsakiya. Idan babu wuta, babu abin da ya tilasta wa sandar tsayawa a wuri ɗaya takamaimai. Na fetur ma inda ka kashe mota nan yake zama. Lokacin da kake ɓamɓare allurar, sandar tana ɗan juyawa ba ka gani ba. Ka mayar da allura a kan alamarka, ido ya ga daidai, amma sandar da ke ƙasa ta riga ta gusa. Alamar ta zama ta banza.

Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce a mayar da su da wuta. Ka ɗaura sababbin fuskoki, ka mayar da allurar gudu kaɗai, ka bar gilashi a cire, ka kai akwatin mota ka jona soket, ka mayar da batir. Ka murɗa makulli. Ka jira kamar minti biyar, domin agogon fetur an yi shi da nauyin tafiya da gangan don kada ya riƙa rawa idan mai yana kaɗawa a tanki. Idan sandar ta gama tafiyarta, ka ɗora allura a inda hotonka na cikakken tanki ya nuna. Ɗorawa kawai, ba dannawa ba. Ka tayar da inji ya yi zafi, ka ɗora ta zafi da ta baƙin mai da ta juyin inji bisa hoto. Ka kashe, ka sake kunnawa, ka ga ko kowace ta koma wurinta. Sai a karo na biyu ko na uku in sun tabbata za ka danna su su zauna.

Ɗan Gareji:
To ai hoton ma yana iya zama na agogon da dama can ƙarya yake yi. Mota mai shekara 30, wa ya san hannu nawa suka taɓa ta?

Injiniya_KD:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce a auna da abin da ba ya cikin dashbod. Na juyin inji shi ya fi sauƙi. Motocin Amurka na 1996 da 1997 suna da soket ɗin OBD2, wato na karanta bayanan kwamfutar mota, ka jona na'ura ka karanta juyin a waya. Ta 1993 ba ta da shi, amma a ƙarƙashin bonet akwai ɗan baƙin akwatin gwaji, a cikinsa akwai ƙafar da aka rubuta wa IG da alamar ragi. Nan ake jona agogon gwaji. In maltimita ɗinka, wato mitar auna lantarki, tana karanta Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa, lissafin ba wuya: inji mai silinda huɗu yana ba da bugu biyu a kowane juyi, don haka ka ninka abin da ta nuna sau 30. Silo na masana'anta 850 ne, wato kusan 28 a mita. Juyi 3000 kuwa 100 cif.

Kuma ni a 3000 nake ba da shawarar a ɗora allurar, ba a silo ba. Wani ya taka totur ya riƙe mita a kan 100, kai kuma ka ɗora allura a kan 3. Dalili shi ne silo yana hawa yana sauka da kansa, musamman bayan an cire batir ko fanka ta kama, kuma lambobin ƙasa a matse suke kusa da turke. A tsakiyar zagaye kuskure ya fi fitowa fili. Bayan ka ɗora, ka duba a silo da 5000. In 3000 ya yi daidai amma sama ta kauce da yawa, ba allura ba ce, ko dai zanen fuskar bai dace da injin agogon ba, ko agogon ne ya tsufa.

Zee_Auto:
A ƙara da wannan: jan layin da ke kan fuskar agogon juyin inji ado ne kawai in allura ta kauce. Ja yana farawa wajen 7000. Kwamfutar mota tana yanke mai da nata lissafin ba tare da ta tambayi allura ba, don haka inji ba zai wuce iyaka ba saboda wannan. Agogon da kuskurensa yake kashe inji shi ne na zafi.

Baban Ummi Rewaya:
Madalla Hajiya, nan nake so mu daɗe. Agogon zafi na wannan mota ba ya tafiya daidai da zafin ruwa. An tsara shi ne ya hau zuwa kusan tsakiya ya zauna a can cikin faɗin zafi mai yawa, don kada direba ya riƙa firgita. Ma'ana, lokacin da ka ga ya fara motsawa daga mazauninsa zuwa sama, ruwa ya riga ya yi zafi sosai. Tazarar da ke tsakanin gargaɗi da ƙonewar gasket ƙarama ce. To ka ɗauka an ɗora allurar ƙasa da wurinta da faɗin allura biyu. Inji yana tafasa, ita kuma ta iso tsakiya kenan, direba yana ganin lafiya lau. Kan injin alminiyam ne, ba ya yafe irin wannan.

Saboda haka kada a ɗora ta da ƙiyasi. A bar mota tana silo, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, har fankar lagireto ta kama da kanta ta tsaya. A injin 1.6 makunnin fankar yana kan murfin tamostat a gaba, yana kamawa wajen digiri 97 na Celsius. Wanda yake da ma'aunin zafi mai harba haske ya auna jikin murfin ya tabbatar. Bayan fanka ta tsaya, a ɗora allura daidai inda hoton farko ya nuna, ɗan ƙasa kaɗan da tsakiya. In za a yi kuskure, gara ta ɗan fi sama.

Abu na biyu, mai aika wa agogon saƙo daban yake da na kwamfuta. Ɗan ƙarami ne mai waya ɗaya a bayan kan inji, kusa da bangon da ya raba inji da ɗaki. In wayarsa ta yi tsatsa, agogo zai nuna ƙasa ko da allura tana daidai. Tunda an buɗe aiki, a tsaftace ta.

Roadster93:
Baba, na baƙin mai fa? Sabuwar fuskar tana da lambobi 0, 30, 60, 90 kamar tsohuwar.

Baban Ummi Rewaya:
Ka yi sa'a da shekarar motarka. Daga 1990 zuwa 1994 agogon na gaske ne, yana hawa da sauka da matsin mai. Da sanyi zai hau sama, in inji ya yi zafi a silo ya sauko, ka taka totur ya bi ka. Littafin masana'anta ya ba da tsakanin 43 da 57 a ma'aunin psi, irin lambobin da ke kan fuskar, a juyi 3000 da inji mai zafi. Ka yi amfani da hotonka na 3000. In kana so ka tabbata, a kwance mai aika saƙon a ɗaura agogon gwaji na hannu a raminsa, a karanta, a mayar.

Daga 1995 Mazda ta canza shi ya zama makunni kawai. In akwai ɗan matsi allura ta tsaya wuri ɗaya, in babu ta faɗi. Mai irin wannan motar kada ya sayi fuska mai lambobi yana zaton ya samu agogo na gaske, lambobin ba za su nuna komai ba sai an canza mai aika saƙon da injin agogon duka biyu zuwa na tsohon samfuri.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawan gida. Ina so a koma kan maganar kilomita, domin akwai tarko. Fuskar motar Japan, wadda ake kira Eunos Roadster, a 180 take ƙarewa. Ta Amurka a mil 140 take ƙarewa, wato kusan kilomita 225. Ramukan sukurori suna hawa, girma ɗaya, sai mutum ya ɗaura ta Japan a kan injin agogon Amurka don ya ga an rubuta kilomita. Sifirin da maganaɗisun na 225 ne, zanen na 180. Zai riƙa ganin wajen 80 alhali yana kan 100. Roadster93, ka duba taka: dole 100 ta faɗo daidai inda mil 62 take a tsohuwar fuskar, 60 kuma wajen mil 37. Ka ɗora sabuwar a kan tsohuwar ka haska fitila ta baya kafin ka ɗaura.

Roadster93:
Na duba yanzu, 100 tana ɗan gaban layin 60 kaɗan. Ƙarshenta 220 da ɗan sarari.

Ɗan Maraɗi:
To an zana ta don agogonka ne. Saura ka tuna cewa lambobin lissafin tafiya ba su canza ba, haƙoran da ke juya su na mil ne. Fuska tana cewa kilomita, su suna ƙirga mil. In kana juye baƙin mai a kowace kilomita 5000, a wurinsu 3100 ke nan. Kuma kada a taɓa lambobin nan ko a juya su, ranar sayarwa a gaya wa mai saye cewa mil ne.

Mai Agogo:
Gwajin gudu kuma da GPS na waya ake yi, a hanya miƙaƙƙiya, wani yana riƙe da wayar yana karantawa, direba idonsa a hanya. A riƙe 60 na ɗan lokaci, sannan 100. Yadda ake karanta sakamakon shi ne abin lura. In agogo ya wuce GPS da 5 a 60, ya kuma wuce da 5 a 100, allura ce ta gusa, a cire a gyara. In ya kauce da 3 a 50 amma 6 a 100, kuskuren yana girma da gudu, wannan ba ruwan allura, taya ce ko ɗan haƙorin da ke cikin giyabos. Tayar asali 185/60R14 ce, tsayinta kusan milimita 578. In an sa 195/50R15, kusan 576, babu bambanci. Amma masu sa 185/70R14 saboda ramukan hanya sun kai kusan 615, ƙarin kashi 6 cikin 100, agogo yana cewa 100 mota tana 106. Kada a gyara laifin taya da karkatar da allura, za ta yi daidai a gudu ɗaya ta yi ƙarya a sauran.

A kan tebur ma ana iya gwadawa. Ma'aunin Japan shi ne juyin kebul 637 a minti ya ba da kilomita 60 a awa. Mai injin huda da ya san juyinsa zai iya, amma a juya ta ɓangaren da allura ke hawa, kuma a hankali.

Zee_Auto:
Ba a yi maganar ɗaura fuskar kanta ba. Kowace sukurori biyu ƙanana ne. A ɗaure su har su taɓa, sannan ɗan kaɗan, shi ke nan. In aka matse, fuskar tana lotsawa ta yi zobe mai sheƙi a kewayen sukurun, ko ta kumbura a tsakiya idan rana ta buga. Wasu sababbin fuskokin ba sa zuwa da turken allura, sai an ciro na tsohuwa ta baya an dasa da ɗigon gam ɗaya. Ban da gam mai saurin kamawa kusa da gilashi ko fuska, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya fita.

Tazarar allura da fuska kuma kamar kaurin katin banki ɗaya zuwa biyu. A yanka tsaga a jikin kati a sa a ƙarƙashin cibiyar, a danna har ta taɓa, a zare katin. In ta nutse da yawa tana gogar fuska, za ka ga tana tafiya tana tsayawa, musamman da rana idan roba ta buɗe. In ta yi sama da yawa haske yana zubowa ta ƙarƙashinta, ko ta taɓa gilashi.

Ɗan Gareji:
Tunda an buɗe, ai sai a zuba LED gaba ɗaya a huta da ƙonewar ƙwai.

Baban Ummi Rewaya:
Na hasken baya, ƙwai huɗu masu lamba 194, babu laifi, da sharaɗi. A sayi masu watsa haske ta kowane gefe, domin masu harbawa gaba kawai suna yin tabon haske a wuri ɗaya sauran lambobi su dushe. LED yana da fozitif da nagetif, in bai kama ba a juya shi. A gwada duka kafin a rufe. Koren hasken asali daga 'yar hular roba yake da ke kan ƙwan, don haka a duba bayan sabuwar fuskar: in an shafa mata launi, farin ƙwai ake sa wa, in aka sa ja a bayan kore sai duhu. Kuma maɓallin rage haske ba lallai ya yi aiki sosai da LED mai araha ba.

Amma ƙananan na gargaɗi, masu lamba 74, a bar su yadda suke, musamman na caji. A tsarin altaneta irin na wannan zamanin, 'yar wutar da ke ratsa ƙwan cajin tana taimakawa wajen tayar da shi. LED ba ya barin wuta isasshiya ta wuce, sai ka ga mota ba ta fara caji ba sai an taka totur sosai, ko fitilar tana ɗan haske ba ta mutuwa. Mutum ya je ya sayi sabon altaneta alhali ƙwai ne.

Injiniya_KD:
Kuma a yi hattara da shimfiɗar lantarkin da ke bayan akwatin, wata siririyar leda ce mai layukan tagulla. Mazaunin ƙwai kwata ɗaya ake murɗawa, in aka tilasta sai tagullar ta ɓare. Sukurorin da ke bayan kowane agogo kuma ba riƙo kawai suke yi ba, su ne hanyar wuta. Canza fuska ba ya buƙatar a kwance su. In an kwance, kowanne ya koma raminsa, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana iya huda naɗin wayar da ke ciki. Agogon da ya mutu bayan aiki, a fara duba nan da soket kafin a zargi allura.

Game da fuskoki masu haska kansu da ɗan injin ƙara wuta, ban ba da shawara ba. Sun fi kauri, allura tana gogarsu, injin yana ƙara a rediyo, kuma zafi yana dusar da su da wuri. Fuskar da aka buga a kan roba mai ƙarfi irin ta asali, haske yana ratsa lambobi kawai, ita ce mai daɗewa. Masu liƙawa a kan tsohuwa kuwa suna kumbura a zafin mota da aka ajiye a rana.

Roadster93:
Allah ya saka da alheri. Gilashin yana da 'yan karce da hazo, da me zan goge?

Mai Agogo:
Ba gilashi ba ne na gaske, roba ce. Ban da tina, ban da fetur, ban da maganin goge gilashin taga, suna sa ta dushe ko ta tsattsage. Ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a bar shi ya bushe da kansa. Karce na waje a bi shi da man goge fitilar mota da ƙyalle mai laushi, a zagaye, ba da ƙarfi ba. Cikin kuwa kada a goge shi a bushe, yana tara wutar da ke jawo ƙura. A hure da robar hura iska irin ta masu kyamara kafin a rufe, ba da baki ba.

Ka yi kwana ɗaya ko biyu kana tuƙi da akwatin ɗaure amma rumfa a cire, har ka gamsu da dukkan allurai biyar, domin rumfar nan ba ta son a cire ta sau biyu. Wurin mayar da kebul ɗin gudu, ka tura har ka ji ya yi ƙas. In bai zauna ba allura za ta riƙa rawa a ƙaramin gudu ko ta ƙi tashi.

Zee_Auto:
Ga masu samfurin da ya biyo baya, daga 1998 zuwa 2005, babu kebul, agogon gudu na lantarki ne, lissafin tafiya kuma a ɗan allo yake fitowa. Dabarar tsallake turke da alamar tef ba za ta wadatar ba a can, ita ma allurar gudu da wuta ake saita ta, a tabbatar da GPS kafin a danna.

Ɗan Gareji:
Na karɓi maganar saitawa da wuta. Abu ɗaya ya rage mini: in an riga an danna allura sai aka ga ta kauce da kaɗan, dole sai an sake ɓamɓarewa?

Baban Ummi Rewaya:
A sake ɓamɓarewa da cokula, shi ya fi aminci. Akwai masu murɗa allura a kan sanda suna tura ta jikin iyakarta har ta zame, amma a agogon gudu hakan yana wahalar da sifirin, a ƙananan kuma ba kowanne ke da iyakar da za ta jure ba. Sai dai a sani cewa kowace cirewa tana ɗan buɗe ramin cibiyar. In ta fara sakwarkwacewa, kada a sa gam a kan sanda, yana gangarawa cikin agogon ya daskarar da shi. A ɗan matse bakin ramin da filaya mai laushin baki kaɗan, a gwada, in ta kama a saita da wuta kamar farko.